Koyon aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa: ina rabon Damargu?



Duk wanda ya zauna a kan tabarmar yaƙi da jahilci bai manta da ranar da ya fara rubuta sunansa da hannunsa ba. Kafin wannan rana, in wasiƙa ta zo masa daga ɗansa da ke ci-rani a Kano ko Agadas, sai ya ɗauke ta ya yi ta yawo yana neman mai karanta masa, asirin gidansa ya zama na kowa. In ya kai amfanin gona kasuwa, abin da mai awo ya faɗa shi ne gaskiya, ko da kuwa zuciyarsa ba ta kwanta ba. Tun daga farkon shekarun 1960, da gwamnati ta ɗaura ɗamarar koyar da manya karatu da rubutu cikin harsunanmu, dubban manoma da makiyaya suka fita daga wannan ƙangi.

Abin da ya sa karatun ya kama ƙasa kuwa, an ɗaure shi ne da aiki. A shekarun 1960 da 1970, lokacin da ƙungiyar UNCC, wadda aka kafa a 1962, ta shiga miƙa wa manoma ragamar kasuwannin gyaɗa a ƙasar Magarya da Matamai, dole ta sa aka nemi a cikin manoman nan mai karanta sikeli, da mai rubuta nauyin buhu, da mai riƙe littafin kuɗi. Mutum ya koyi baƙi da lissafi da dare, gari ya waye ya yi aiki da su a bakin sikeli. Abin da aka koya domin aikin gobe da safe ba a mantawa da shi. Wannan darasi ne muke so mu tuna wa magabatan ilimi mai zurfi.

Dalili kuwa, wani sabon jahilci ya ɓullo, kuma har masu manyan takardun shaida yana kamawa. Shi ne rashin iya aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda wasu ke kira kwamfuta, ma'aikatanmu kuma suka fi saninta da ordinater. Na'urar ita kanta ƙarfe ce da roba. Abin da ke sa ta aiki shi ne tsarin umurni da aka zuba mata, wanda ake kira manhaja. Akwai manhajar rubutu, akwai ta lissafi, akwai ta zanen taswira, akwai ta tattara bayanai. Wanda bai iya ko ɗaya ba, ko da daga jami'a ya fito, matsayinsa ɗaya da mutumin nan mai yawo da wasiƙa a hannu.

Na ga haka da idona. Wani yaro daga cikin danginmu ya gama binciken ƙarshen karatunsa a kan rijiyoyin makiyaya, ya rubuta shi da biro cikin littattafai uku. Ya kai wa wani mai shagon buga takardu a bakin titi, yana biya shafi-shafi da kuɗin akuyar da mahaifiyarsa ta sayar. Mai shagon bai san sunayen ƙauyukanmu ba, ya ɓata da yawa daga cikinsu, jadawalin zurfin rijiyoyi kuma ya hautsine. Saura mako biyu a gabatar da aikin, na'urar shagon ta mutu, ba a kuma ajiye kwafi a ko'ina ba. Sai da aka koma farko, aka sake sayar da wata dabba. Mai shago yana da nasa laifi, amma babban laifin yana ga tsarin da ya bar ɗalibi ya kai shekarar ƙarshe bai iya buga aikinsa da kansa ba.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne: a mai da koyon manhajoji tilas ga kowa a jami'a, ɗalibi da malami da ma'aikaci, a koyar da shi a kan ainihin aikin ƙasa, a kuma fitar da shi daga birnin Damagaram ya kai Tanut da Belbeji.

JAMI'A TA MATSO KUSA

Shekara da shekaru, jami'ar gwamnati ɗaya tak ƙasarmu ke da ita, wato ta Yamai, wadda ta fara a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973, daga baya aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni. Ɗan Damargu da ya ci jarrabawar shiga jami'a sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1000 kafin ya ga ƙofar aji. A 2008 aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha da ake kira IUT a Damagaram da Maraɗi da Tawa, a 2010 kuma aka kafa cikakkun jami'o'i a biranen uku. Ta Damagaram tana ɗauke da sunan marigayi André Salifou, masanin tarihin da ya rubuta tarihin daular Damagaram, ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991, ya kuma rasu a 2022.

Tun daga farko, cibiyar fasaha ta Damagaram ta horar da masu tsara ƙasa da birane, da mataimakan shugabannin ma'aikatu, sana'o'i biyu da ba su yiwuwa a zamanin nan sai da na'ura. Daga baya aka samu sassan adabi da ilimin zaman jama'a, da kimiyya, da likitanci, da tarbiyya. Wannan jami'a ita ce mafi kusa da Damargu, tun da yake Tanut ba ta wuce kimanin kilomita 150 ba daga birnin Damagaram, a kan hanyar Agadas. Ƴaƴan manoma da makiyayan Gangara da Falanko da Tarka suna zaune a azuzuwanta. Tambayar ita ce, in sun koma gida da me za su koma?

ABIN DA DAMARGU KE JIRA

Damargu ƙasa ce ta hatsi da bisashe. Tun zamanin ayari, daga rumbunanta Abzinawa ke awon geron da ke ciyar da ƙasar Abzin. Baturen nan Barth, wanda ya ratsa ta tare da ayarin gishiri a watan Janairun 1851, ya rubuta labarin ƙauyukanta da gonakinta, kuma har yau masu bincike suna komawa ga rubutunsa. Tun daga lokacin, akasarin abin da aka rubuta a kan Damargu baƙo ne ya rubuta shi. A zo da mota, a yi wa mutane tambayoyi, a tafi da amsoshi Yamai ko ƙasashen waje a sarrafa su. Alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 2011 aka ɗaga Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta, aka raba ta da Tanut. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum fiye da dubu 400 a gundumar Tanut, da kusan dubu 100 a ta Belbeji. Jama'a mai yawan haka tana da ayyukan da littafi da biro ba su isa su ɗauka ba. Bari mu kawo misalai.

Akwai maganar ƙasa. A Damargu ne gona ke ƙarewa makiyaya ta fara. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ƙara tabbatar da haƙƙin makiyayi na yawo da dabbobinsa. Amma burtali da mashaya da makiyaya, in ba a auna su an zana a taswira ba, kowace damana sai gona ta ci taki ɗaya daga cikinsu, har ranar da za a zare sanda. Akwai manhajar taswira mai suna QGIS, wadda kyauta ake samunta. Ɗalibin ilimin ƙasa da ya iya ta, da ƴar na'urar auna wuri a hannunsa, zai ba kwamitin filaye na garinsu taswirar da sarki da manomi da makiyayi za su duba tare.

Akwai maganar cimaka. A shekaru da yawa ruwan da ke sauka a Tanut ba ya kai milimita 300. Mutanen yankin ba su manta da farin 1973 da 1974 ba, ko na 1984, ko wahalar 2005 da ta 2010. Ma'aikatun da ke bin farashin hatsi da na bisashe suna ɗaukar farashi a kasuwanni, ma'aunan ruwan sama kuma suna nan a garuruwa da dama. In aka zuba farashin tiyar gero da na rago na kasuwannin Bakin Birji da Tanut da Belbeji na shekara goma a cikin jadawalin lissafi irin na Excel, cikin ƴan mintoci za a ga watan da hatsi ya fi araha, da watan da rago ɗaya ya daina sayen buhu ɗaya. Kwamitin rumbun tsimi ya san lokacin saye, magajin gari kuma ya san lokacin da zai kai kuka tun wuta ba ta kama jinka ba.

Akwai maganar lafiya da takardu. Ma'aikatar kiwon lafiya ta ƙasa tana tattara rahotannin gidajen likita ne ta manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙiro. Likitan ƙauye da bai iya ta ba, rahotonsa na ƙyanda ko na tamowa zai makara. Haka nan takardun haihuwa, da jerin masu biyan haraji, da kasafin kuɗin ma'aikatar magajin gari, duka sun koma ko suna komawa cikin na'ura.

Sai maganar aikin yi. Matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana, a cikin ƙasar Olelewa take, wato a gundumar Tanut. A masana'anta irin wannan, tun daga ɗakin lura da injuna har zuwa ɗakin ajiyar kaya, da na'ura ake aiki. Yaron da aka haifa yana hangen hasken matatar da dare, in bai iya na'ura ba, bakin ƙofa ne iyakarsa.

YADDA YA KAMATA A KOYAR

Na farko, a fara da malamai. Akwai manyan malamai da suka yi karatunsu a zamanin tafireta, ilimi gare su kamar teku, amma kunya ta hana su zama a benci ɗaya da ɗalibansu su ce ba su iya ba. A keɓe musu nasu aji da nasu lokaci. Malamin da bai iya manhajar ƙididdiga ba, kamar SPSS ko R, ba zai iya duba lissafin da ke cikin kundin ɗalibinsa ba, sai dai ya sa hannu bisa amana. Masu karatunmu da suka shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kansu shaida ne cewa neman sani ba ya rage girma.

Na biyu, kada a manta da ƙananan ma'aikata: sakatarori, da masu rajistar ɗalibai, da masu kula da ɗakin karatu, da masu lissafin kuɗi. A hannunsu sunaye da makin dubban yara suke. Kuskuren layi ɗaya a jadawali ya isa ya sa ɗalibi ya maimaita shekara, ko ya yi ta zirga-zirga tsakanin Belbeji da Damagaram yana neman gyaran takardarsa. A koya musu tsara fayil, da ajiye kwafi a wuri biyu, da tsare kalmar sirri. Kuma a yi wannan horo cikin lokacin aiki, a lissafa shi a wajen ƙarin girma.

Na uku, ga ɗalibai, tun shekarar farko kowane sashe ya samu darasin na'ura, kuma da hannu za a yi shi. Zana hoton na'ura a allo ana bayani daidai yake da koya wa mutum hawan raƙumi a tsakar ɗaki. Jarrabawar ma ta zama ta aiki: a ba ɗalibi wasiƙa ya buga, a ba shi lambobi ya fitar da jimla da matsakaici, ya zana su, ya ajiye aikinsa inda zai same shi gobe. A kuma tabbatar ƴan mata sun samu kujera a gaban na'ura daidai da maza, domin in na'ura ɗaya ce ga mutum biyar, an san wanda ake turewa baya.

Na huɗu, kayan darasi su fito daga ƙasarmu. Maimakon misalan da aka kwafo daga littattafan Faransa, jami'a ta ƙulla yarjejeniya da hukumomin gundumomi da ma'aikatun noma da kiwo da ruwa, su ba ta tsoffin littattafan ruwan sama da na kasuwa da na rijiyoyi. Ɗalibai su koyi aiki a kansu, su mayar wa masu su a tsare, tare da sakamako. Da haka an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Wannan ita ce hanyar bakin sikeli da muka ambata a farko.

Na biyar, a koyar da manhajojin kyauta tare da na saye. Word da Excel suna da kyau, kuma su aka fi samu a ofisoshi, amma lasisinsu kuɗi ne, satar su kuma tana jawo cutar na'ura. LibreOffice yana yin akasarin aikin da suke yi ba tare da an biya dala ɗaya ba. Ma'aikatar magajin garin da kasafinta bai taka kara ya karya ba ta fi buƙatar wanda ya san wannan. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

HARUFFA MASU ƘUGIYA

Akwai wata magana da ta shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. To, allon haruffan na'urorin da ke ofisoshinmu an yi shi ne domin Faransanci, babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a kansa. Shi ya sa ake ganin sanarwa an rubuta baki inda ake nufin baƙi, ko fada inda ake nufin faɗa. Wanda ya sha wahalar koyon waɗannan haruffa a ajin dare, in ya ga hukuma da kanta ta yar da su, me zai ɗauka?

Alhali gyaran ba wuya. Haruffan nan suna cikin ƙa'idar rubutun na'ura ta duniya, tare da na Fulatanci da na Barbarci, har ma da rubutun Tifinag na Abzinawa. Abin da ake buƙata shi ne a ɗora wa na'ura tsarin allon da ya dace, a nuna wa mutum inda zai danna. Aikin yini ɗaya ne. Duk horon da za a yi, a sa wannan a ciki, domin a Damargu ana jin dukan waɗannan harsuna a kasuwa ɗaya. Marigayi Abdou Moumouni, tun a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka, ya yi kira da a ba harsunanmu matsayi a makaranta. Bai kamata na'ura ta zo ta mayar da mu baya ba.

MASU JA DA WANNAN MAGANA

Wani zai ce: mutanen da ke tafiyar rabin yini neman ruwa, ina ruwansu da ordinater? Maganarsa tana da nauyi, kuma ba mu ce a bar rijiya a sayi na'ura ba. Amma rijiyar ma, takarda ake rubutawa a nemi kuɗinta, da ƙidayar mutane da dabbobi da taswirar wurin. Garin da ke da mai iya shirya wannan takarda shi ke riga samun rijiya.

Wani zai ce babu wutar lantarki a karkara. Gaskiya ne wuta ta yi ƙaranci. Amma rana ba ta yi ƙaranci ba a Damargu. Tun ƙarshen shekarun 1960 an kunna talabijin na lakkol da hasken rana a ƙasar nan, kuma Abdou Moumouni ya yi shekaru yana shugabantar ma'aikatar ONERSOL mai binciken ƙarfin rana. Ƴan allunan hasken rana da batura sun isa su riƙe ɗaki mai ƙananan na'urori goma. Manhajojin da muka ambata kuma akasarinsu ba su buƙatar intanet kafin su yi aiki.

Wani zai ce yaran yanzu duk sun iya, ga wayoyi a hannunsu. Aika murya ta WhatsApp daban, shirya kasafin kuɗi daban. Sai dai wayar ma a mai da ita kayan aiki: da manhajar KoboCollect ana cika takardar bincike a ruga inda babu layi, a aika in an shigo gari.

Na ƙarshe zai ce ai ana ta yin tarukan horo. Ana yi. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: taron kwana uku a babban birni, a raba kuɗin zama da takardar shaida, a koma ofishin da babu na'ura, bai cika barin komai ba. Sau da yawa ma wanda ke zuwa taron ba shi ne mai yin aikin ba. Horon da ke kama jiki shi ne na kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, a kan aikin da mutum ke yi.

KIRA GA MAGABATA

Muna kira ga shugabannin jami'a da hukumomin jaha da na gundumomin Tanut da Belbeji da su haɗa kai a kan abu ɗaya mai yiwuwa. A keɓe ɗaki ɗaya a Tanut, ɗaya a Belbeji, a sa musu wutar rana da na'urori, a kuma ware kuɗin gyara tun ranar farko, domin ƙurar hunturu ba ta raga wa inji. A lokacin babban hutu, ɗaliban da suka fito daga yankin, waɗanda suka ci jarrabawar na'ura, su dawo su koyar da sakatarorin magadan gari, da malaman lakkol, da ma'aikatan gidajen likita, da marubutan ƙungiyoyin manoma da makiyaya, a ƙarƙashin kulawar malaminsu. Jami'a ta lissafa musu wannan a matsayin aikin gwaji. Sarakuna da ƴan kasuwa da ƴaƴan yankin da ke aiki a birane su kawo tasu gudummawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma iyaye, musamman ku da kuka ɗanɗani zaƙin karatu bayan girma, in yaro ya zo hutu ku tambaye shi ko ya iya buga takarda da kansa, ko ya iya shirya lissafin ƙungiyarku a na'ura. In ya ce bai iya ba, ku ce ya koma ya nema, kamar yadda kuka nema. Ranar da ɗan Tarka zai zana taswirar burtalin Tarka, ƴar Gangara kuma ta riƙe lissafin rumbun tsimin Gangara da Hausa mai cikakkun haruffa, ranar ce za mu ce jami'a ta iso Damargu.

Allah ya ba magabatanmu ikon sauke nauyin da ke kansu, ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.